Tiyon da ya ji kunyar surukarsa

Shekarun baya, lokacin da ake kwasar maza aikin hanyar Nasara, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga Madawa da sabon tunani. Wai ya ga tiyo a gidan kumandan, Baturen mulki, ruwa na tafiya da kansa ba wanda ya ɗauke shi a ka.

Albasarmu tana can nesa da rijiya, kuma ta fara kwantawa. Ita ce abincinmu na shekara, don gero bai yi ba. Sai ya sa mai ginin tukwane ta yi masa indararo masu yawa, ya ɗora randa a kan tudu bakin rijiya, ya fara haɗa indararon da yumɓu su zama tiyo. Ni kuwa na riga na cika baki gaban mata cewa na daina ɗaukar tulu.

To, miƙaƙƙiyar hanya ta bi ta ƙofar bukkar mahaifiyata. Shi ko mutum ne mai kunyar suruka, ko inuwarta ba ya takawa. Sai ya lanƙwasa tiyon ya bi bayan rumbu, ya sake lanƙwasa shi ya kauce wa inda take shanya, ya kuma kauce wa turken akuyarta.

Aka cika randa. Muka ruga fangalin albasa muna jira, mata sun taru. Abin da ya fito ko kaza ba zai ƙosar ba.

Ya bi tiyon da rarrafe yana kara kunne a kowace gwiwa. Ya ce, "Wagga ta ci nata, wagga ma ta ci. Kowace gwiwa sai ta amshi rabonta, ruwan ya iso a gajiye."

Na ce, "To ka miƙe shi mana."

Ya ce, "In duƙa gaban Inna? Gara albasar ta mutu!"

Ashe Inna na ji. Ta ɗaga murya tana fuskantar akuyarta: "Ke, hwaɗa ma mai tiyo gobe ina zuwa Urno gaisuwa, sai marece."

Ba ta da kowa a Urno. Washegari bayan dutse ta wuni da carbinta. Kafin la'asar ya miƙe tiyon, ruwa ya iso da gudu, albasa ta tashi.

Har ya rasu bai san inda ta wuni ba, ni ma ban faɗa masa ba. Yau duk babu su. Nakan fara ba da labarin da dariya, sai in ji gefen zanena ya jiƙe.