Ranar da Darakta Ya Ce a Yanka

Ban taɓa mantawa da ranar da muka je ɗaukar fim a wani gida a Samaru ba, sati biyu kafin babbar Sallah. Ni ne mai haɗa kayan wasa, wato duk abin da za a gani a hoto, daga tabarma har buta, ni zan nemo shi.

Daraktanmu ba ya tausayin aljihun furodusa. Ya yi hayar motoci uku don kawai su tsaya a ƙofar gida, ya kama ɗakunan otal da ba wanda ya kwana a ciki. Amma da aka zo kan ragon da za a nuna a bikin suna na cikin fim ɗin, sai ya tuna da tattali, ya ce in samo aro.

Na tafi Dogarawa wurin surukina, Baba Iro, wanda ya shekara biyu yana kiwon ragon layyarsa. Na durƙusa na ce, "Baba, hoto kawai za a ɗauke shi, da la'asar zan dawo da shi." Ya daɗe yana dubana kafin ya kwance igiyar.

To, daraktan nan ya yi rantsuwa ba zai ƙara Turanci a wurin aiki ba. Maimakon "akshin" sai ya ce "a fara". Ba wanda ya tambaye shi da me zai maye gurbin "kot", kalmar tsayar da ɗauka.

Mahauci na gaske muka ɗauko daga kasuwar Sabon Gari, Malam Sale. Na ce masa ya ɗora wuƙa kawai, ya saurari umarnin darakta. Aka kayar da rago, aka fara. Da hoton ya yi, darakta ya ɗaga hannu ya ce, "Yanka!"

Malam Sale ya yi bisimilla.

Darakta na ta faɗa, Malam Sale kuwa yana goge wuƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, a sana'armu ba a maimaita wannan kalmar."

Furodusa ya sayi wani ragon, na kai da kaina, ina ta gumi. Baba Iro bai ko dube shi ba. Ya ce, "Nawan dai ya fito da kyau?"

Na ce ya fito. Har yau ban iya gaya masa an cire wurin wajen tace fim ba.

Tun ranar, duk wanda muka ɗauko daga waje, sai na fara tambayarsa me kalmominmu ke nufi a sana'arsa. Kuma ban sake aron abu mai rai a gidan surukai ba.