Gwaggo Tamo da Dabinon Maƙwabci

Duk wanda ya zauna unguwar Dagmanet ya san filaskon Gwaggo Tamo, ƙanwar babanmu. Kullum safiya sai ta jiƙa ganyen nan mai sa gudawa ta shanye, wai ciki ma ɗaki ne, dole a share shi. Baƙo ya zo gaisuwa, ta miƙa masa kofin filasko. Shi ya sa baƙinta ba su cika daɗewa ba.

Sana'arta sayar da dabinon Bilma, amma ko ƙwara ɗaya ba ta kaiwa baki.

Ran nan ta yunƙura za ta yi alwala, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Muka cusa ta a taksi tana faɗa: "Ku sauke ni! Hutawa nake yi!"

Likita ya duba analiz, wato sakamakon gwajin jini, ya ce potasiyom ya yi ƙasa a jininta, wani gishiri ne mai riƙe ƙarfin jiki da bugun zuciya. Filasko ke wanke shi, in ba ta daina ba zuciyar na iya tsayawa.

"Ɗana, wa ya ɗauke shi?"

"Ke, Hajiya."

"To ni dai ban ga fitarsa ba."

Aka sa mata sirom, wato ƙarin ruwa, aka ba ta magani, aka ce ta riƙa cin dabino.

"Wato in cinye shagona? Kai kana shan alluranka?"

Da muka koma gida na yi mata kuka sosai, don wallahi na tsorata. Ta harare ni, ta ce, "Ɗiyata, hancinki na zuba." Amma ta bar filasko.

Nata dabinon kuwa, ko kusa! Sai ta koma ɗanɗana na Malam Agali, maƙwabcinta a kasuwa. Ta cika hannu, ta tauna a natse, ta yamutsa fuska.

"Agali, wannan bai yi ba. Gobe zan dawo in tabbatar."

Haka ta yi ta tabbatarwa shekara da shekaru, da ƙafafunta.

Ranar ta'aziyyarta Malam Agali ya ja ni gefe. Ya ce tun da haƙoranta suka fara zubewa, masu laushin yake tsincewa ya jera mata a saman tire. Ya ce yau ma ya jera kafin ya tuna.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya haskaka makwancinki. Shi kuma Allah ya ba shi haƙuri.