Shekarun Malam Garba

Ban taɓa mantawa da ranar da jini ɗaya ya ba ni amsa biyu ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Talata Mafara.

Ga wanda bai sani ba, ba a auna ƙarfin ƙoda kai tsaye. Wani datti muke aunawa a jini, mu haɗa shi da shekarun mutum da jinsinsa, lissafi ya fitar da kiyasi. Ni kuwa na saba, duk wanda bai san shekarunsa ba sai in dubi gemunsa in rubuta.

Malam Garba manomin shinkafa ne daga Maradun, yayarsa Inna Kulu ta rako shi. Kullum sai ya sha maganin ciwon gwiwa kafin ya iya sunkuyawa a gona. Likita ya ce in kiyasin ya yi ƙasa da sittin dole ya bar maganin don yana iya cutar da ƙoda, ga dashen shinkafa ya matso. Na dubi gemu, na rubuta arba'in. Kiyasi ya haura sittin kaɗan.

Likita ya dubi takarda, ya dubi mutumin. "Baba, shekarunka nawa?"

"Sadda anka hwara aikin dam ina da ɗiya biyu."

Dam ɗin yankinmu kuwa an daɗe da gina shi, sai na sake lissafi da kusan saba'in. Kiyasi ya faɗo ƙasa da sittin.

Inna Kulu ta ce, "Kai Garba, ji tsoron Allah! Awaki kaka kiwo lokacin. Ɗiyan na Sani na, yayanmu."

Suka kaure da gardama, ni ina riƙe da takarda biyu, kaina ya ɗaure tamau. Kunya ta kama ni. Likita ya ce a ajiye maganin tukuna, a ba shi na shafawa, a sake gwaji bayan wata uku.

Malam Garba ya juyo gare ni. "Ɗana, ban gane ba. Ƙodata ta ba lahiya, ko shekaruna?"



Ya tafi babu maganinsa na sha, kuma har yau ban san ko mun kyauta masa ko mun cuce shi ba. Tun ranar na fahimci cewa injin da ke lissafin ba ya tambayar inda na samo lambar da na ba shi. Da na koma gida, ba Malam Garba ya tsaya mini a rai ba. Sauran mutanen da na rubuta wa arba'in ne, waɗanda ba wanda ya tambaye su.