Jinin da Hajara Ta Karanta Mana

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai yayata Hajara makwancinta a Allakaye, amma har yau in sanyi ya shigo ita nake fara tunawa, domin a irin wannan lokaci ne ciwonta ke tashi, ƙasusuwanta su yi kamar ana sara da gatari. Amosanin jini ne, wanda mutanenmu ke kira emasi.

Mu tara Inna ta haifa, ta binne huɗu tun suna ƙanana. Kakarmu cewa take iskar gidanmu ce ke karɓar rabonta, tun da kakanmu ya kama salla ya daina yi mata yanka a gindin tsamiya. Ba a faɗin haka gaban liman, amma kowa a gidan ya sani. Hajara ita ce ta biyar da aka zuba wa ido ana jira. Sai ta ƙi tafiya. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, rabi a aji rabi a gadon likita, har ta zama malamar ilimin halittu a wani kolej na Bouza.

Sau ɗaya na ga tana koyarwa, ranar da na kai mata saƙon Inna na tsaya bakin taga. Ƙwarya biyu ta ajiye a kan tebur, kowace da wake fari da ja a gauraye. Ta ce wannan uba ne, waccan uwa. Ɗalibi ya rufe ido ya ɗauko ƙwaya ɗaya nan, ɗaya can, shi ke nan an haifi ɗa. Fari biyu lafiya lau. Fari da ja, mutum na ɗauke da abin bai sani ba. Yara na dariya suna raɗa wa waken suna, har wata yarinya ta buɗe hannunta aka ga ja biyu. Hajara ta ce, "Wanga ni ce."

A nan na fara jin cewa jinin nan ba banza ya zauna cikinmu ba. Ta ce mai ɗauke da rabinsa ya fi jure zazzaɓin sauro, don haka a zamanin da zazzaɓi ke share garuruwan fadama, irin su suka fi tsira, suka hayayyafa, suka miƙo mana. Abin da ya ceci kakanni shi ke cin jikoki.

Ta yi wa Inna wannan bayani wata rana suna sussukar hatsi. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To laifin wa, ni ko babanku?" Hajara ta ce ba na kowa ba. Inna ta ɗauki taɓaryarta ta ce, "Da kin bar mini iskar. Ita ko ba komai ana iya roƙonta." Gaskiya ɗaci gare ta.

Ba ta yi aure ba, ko da yake an nema. Ta rasu a asibitin Madaoua bayan ciwon ya kama ƙirjinta, tana cikin hankalinta, tana tambaya ko an sami wanda zai riƙe mata ajin masu jarrabawa.

Yau da za ta dawo, ban san abin da za ta ce ba. Gwajin jinin da take ta roƙon mutane su yi, ana ce mata ta cika shisshigi cikin lamarin Allah, yanzu wasu limamai da kansu ke tambayarsa kafin ɗaurin aure. Ina jin za ta yi murna. Amma kuma za ta ga har yanzu ana ɗauko yara daga ƙauyuka a kan amalanke, ƙafafu da hannaye a kumbure, bayan an gama yawon masu magani.

Bara abin ya sake ƙwanƙwasa ƙofarmu. Ɗana Mahamadu ya ga wata yarinya a Keita, Zeinabu, mai hankali da kunya, har an kai goro. Su biyun suka je gwaji don kansu, ba wanda ya aike su. Sakamako ya nuna kowannensu na ɗauke da rabi. Ya zo ya zauna gabana ya ce, "Baba, kowace haihuwa ɗaya cikin huɗu ne fa. Uku na gefenmu. Da Gwaggo na nan, mi za ta ce?"

Ita kanta ɗayan nan ce cikin huɗu, kuma ban san wanda ya fi ta amfani a zuriyarmu ba. In na ce kada a haifi irinta, me na ce game da ita? In kuwa na ce a haifa, ni na riƙe ƙafafunta tana cizon zane don kada Inna ta ji kukanta. Jiki magayi, kuma ba jikina ba ne ya ji. Na ce masa ban sani ba. Zeinabu ce ta yanke. Ta aiko cewa ta ga ƙanenta na fama, ba za ta iya kallon nata ɗan haka ba. Aka mayar da goro. Mahamadu ya tafi ci-rani tun kafin girbi, yana kira jefi-jefi, ba ya ambatonta.

Wannan shi ne abin da ya rage na yayata. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Ta bar sanin da ke hana haƙa ƙananan kaburbura, kuma shi ne ya raba mutum biyu masu son juna. Na kasa auna wanne ya fi nauyi, na kuma daina ƙoƙari.

Inna ta tsufa, idanunta sun dushe. Da ta ji shiru ba a zancen biki, ta kira ni ta tambayi wanda ya hana auren jikanta. Na ce, "Hajara ce, Inna." Ta juya fuskarta wajen ɗakin Hajara da muka rufe tun rasuwarta, ta ce, "Ashe tana nan gidan."

Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara.