Tanti Rabi da allurar da ba ta kashe zafi

Da safen nan ina kan gada zan tsallaka zuwa unguwar Harobanda aka kira ni: Tanti Rabi ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da na sa mai taksi ya tsaya na sauka.

Ita ta koya mini aikin anastazi, wato kashe wa majinyaci zafi kafin a yi masa aiki, lokacin da na zo sitaj, wato koyon aiki, a wani kilinik a unguwar Kalley.

Ranar farko ta kama hannuna ta mintsine ni. Na yi ƙara. Ta ce, "Kin ji ko? Jijiyarki na da ƙananan ƙofofi. Sun buɗe, sinadarin sodiyom ya shiga, saƙon ciwo ya ruga ƙwaƙwalwa. Allurarmu toshe ƙofofin nan take yi. Aikinmu ke nan duka, ɗiyata."

Shekara biyu ina haddar wannan a lakkwal, makarantarmu, sai ranar na gane.

Ta ce giya ma tana taɓa waɗannan ƙofofi. Shi ya sa kafin kowane aiki takan fitar da dangi, ta rage murya: "Malam, kana sha? Ba wa'azi zan yi maka ba, gwargwadon magani nake nema." Ba ta taɓa kai amsar kowa waje ba.

Kullum kwanon dambunta da cokali biyu yake zuwa, ɗaya nawa, don ta san ba na karyawa.

Bara aka kawo sabon kwalin allura. Wata mata ta zo ɗinkin rauni, aka yi mata, aka jira, ana soka zare ta ƙwalla ihu. Mace ta biyu haka. Ta uku haka. Tanti ta ce wannan allura ba ta da kirki, ba za ta ƙara taɓa ta ba. Ta rubuta wa mai kilinik takarda.

Mako biyu bayan haka ya tara mu. Ya ce allura lafiyarta lau, hannun Tanti ne ke rawa, don tana shan alkol ɗin wanke rauni.

Matar da ta rufa wa mashaya asiri shekara da shekaru, ita aka liƙa wa sha.

Ina wurin. Na yi shiru don tsoron aikina. Wannan zai bi ni har kabari.

Aka kore ta. Magana ta riga ta isa Maourey, unguwarsu. Babu kilinik ɗin da ya ƙara ɗaukar ta. Hawan jini ya kwantar da ita.

Juma'ar da ta wuce na je duba ta. Ta sa na jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin gado: kwalaben allurar nan guda uku da kwafin takardarta. Ta ce, "Riƙe, ni na gaji." Sannan ta dube ni. "Har yanzu da ita suke ɗinki?"

Da ita ake yi har yau.

Ɗazu na ga ka sa hotonta a shafinka, wai "mun yi rashin uwa". Kai mai kilinik, ka san da kai nake. Cire hoton nan. Kar ka tako wurin zaman makoki.

Litinin zan kai kwalaben a auna su, daga nan sai gaban hukuma. Matan nan uku na nemo su, biyu sun yarda su yi magana. Takardar barin aikina tana kan teburinka. Ba zan huta ba sai an sa wa ƙofarka kwaɗo, sai ka tsaya gaban mutanen da ka tara ka ce ƙarya ka yi mata.

Ban yafe ba. Allah ya isa tsakaninta da kai, ya hana ka sukuni har ka faɗi gaskiya.

Allah ya jiƙan Tanti Rabi, ya yalwata kabarinta, ya wanke sunanta a idon duniya. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a. Ni kuma ku roƙa mini kar in sake yin shiru.