Kawu Bai Fita Daga Zagayen Toka Ba

Akwai tabo a hannuna na dama, daga gindin ƙaramin yatsa har wuyan hannu. Idan ɗalibai suka tambaye ni nakan ce gilashi ne ya yanke ni, kuma ba ƙarya na yi ba. Abin da ba na faɗi shi ne gilashin nawa ne, kuma ni da kaina na fasa shi a kan wani bawan Allah, a gaban kawuna, shekarar da korona ta shigo.

Ni malamin fizik ne a wata lise, wato makarantar sakandare, ta Gayar da ke bakin iyakar Benin. Kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin boko a nan, har matata idan tana son ta ba ni haushi. Ina da madubin hangen nesa na kallon sama, na hannu ne, wani direba ya sayo mini daga Kwatano. Farin bututu ne mai nauyi, ya kai tsawon taɓarya, yana zaune a kan ƙafafun ƙarfe uku. Kowace Alhamis bayan magariba nakan kafa shi a filin lakwal, wato makarantarmu, wanda ya ga dama ya zo ya ɗora ido. Wata tsohuwa ta ga ramukan wata ta ce ashe shi ma ya yi zanzana. Wani tela ya ga tauraron nan mai zobe, ya rantse hoto na manna a ciki. Mun kusa dambe da shi. Ina da zuciya, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne a unguwarmu.

Da cutar ta zo aka rufe lakwal, matata ta ce in naɗe kayana in zauna gida kamar kowa. Na ƙi. Na koma wani fili a bakin kogi, bayan tashar manyan motoci, inda iska ke kaɗawa. Na tsara dokoki irin na malamin da ya rasa aji. Na kwashi tokar murhun gidanmu na zana zagaye-zagaye a ƙasa, tsakanin kowanne taku uku, mutum ɗaya cikin zagaye ɗaya, kada ya fita sai na kira shi. Na ajiye bokiti mai famfo da sabulu. Wanda ba shi da takunkumi ya koma gida. Ba a taɓa bututu da hannu. Bayan kowane mai kallo kuma, in ɗauki auduga in jiƙa da alkol na farmasi mai kashe ƙwayoyin cuta, in goge wurin da ake ɗora ido. Duk wanda ya taka toka ya sha tsawa, babba ne ko yaro.

Direbobi ne suka fi zuwa, don ba su da abin yi. Iyaka ta zama ba shiga ba fita ga mutane, kaya ma sai mota ta yi kwanaki a jere kafin ta hau gada. Zafin bazara, ba aiki, kaya na lalacewa a bayan mota, sai tashar ta zama wurin faɗa. A yi faɗa kan inuwa, a yi kan ruwa, a yi kan wanda ya riga wani a layi. Da idona na ga an zabga wa wani ƙarfen kwance taya a kafaɗa saboda garwar ruwa, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye. Mutumin ya faɗi yana birgima, abokansa suka bi wanda ya doke shi da duwatsu har cikin rami. Da yamma waɗannan mutanen ne dai za su wanke hannu su shiga zagayen toka, su tsaya shiru suna jiran su ga tauraruwar nan Zara. Na ɗauka ni ne na iya da su.

A lokacin kawuna yana gidanmu. Ƙanin mahaifiyata ne, masunci a Tunuga, a hannunsa na tashi. A garinsu shi ne mai ganin wata. Ranar ashirin da tara ga Sha'aban yakan tura jirginsa tsakiyar kogi inda ba itace ba gini, idan ya dawo ya ce wata ya tsaya, liman ba ya sake tambayar kowa. Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Shekara biyu a jere ya shiga kogi ya dawo bai ce komai ba, har aka daina jiransa a bakin ruwa. Ya zo Gaya ganin likitan ido, zirga-zirga ta tsaya, ya maƙale wurinmu. Ga shi kuma da ciwon fuka, irin mutanen da rediyo ke cewa cutar ba ta yi musu da sauƙi.

Wata safiya ya same ni ina share madubin, ya shafa ƙafar ƙarfen ya ce, "Ɗana, wannan bututun naka yana ara wa mutum ido?"

Na ce, "Yana arawa, Kawu."

"To ka ara mini ranar duban wata. Sau ɗaya nake so in sake cewa na gani."

Na yi masa alkawari. Matata ta ce in kafa masa a tsakar gida shi kaɗai, amma daga gidanmu ba a ganin yamma sai katangar maƙwabta. Sai filin.

Jinjirin wata ba ya jiran kowa. Rana na faɗuwa yake bayyana, siriri, kafin a yi nisa da magariba ya bi ta. Sai na yi lissafi irin namu na masu boko. Na ce idon Kawu ba zai raba shi da hasken sama ba sai duhu ya ɗan sauka, saboda haka shi zan sa na ƙarshe. Na kai shi zagayen da ya fi nesa da mutane, na ɗaura masa takunkumi da hannuna, na ce ya sa hannuwansa a baya kada ya taɓa komai, kada ya fita sai ya ji na kira shi. Ya yi dariya ya ce yau shi ne ɗan lakwal.

Ranar an cika fiye da kullum, don kowa na son ya san ko gobe azumi. Muka yi magariba a nan, kowa cikin zagayensa. Ina sallamewa na ruga na juya bututun yamma, na lalubo, na same shi a saman itatuwan hayin Benin. Na fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ina gogewa, ina korar mai daɗewa.

Wanda ke gaban Kawu a layi wani direban albasa ne, ƙato, baƙi, wuyansa kamar turmi. Motarsa ta daɗe a tashar, ruwan ruɓaɓɓiyar albasa na ɗiga daga ƙarƙashinta, kowa ya san warinta. Da na kira shi sai ya juya wajen Kawu ya ce, "Baba, ka shiga gabana mana. Ai ba ya yiwuwa in riga ka."

Ni na hana. Na ce, "Malam, ni ke tsara layi a nan. Zo ka duba ka wuce."

Ya zo ya sunkuya, takunkuminsa a haɓa. Ya daɗe, sannan ya ce a hankali, "Alhamdu lillahi. Ga shi can kamar yankan farce." Yana ɗagowa tari ya sarƙe shi, ya yi shi a kan madubin, sau biyu, ya dafa bututun don kada ya faɗi.

Na dubi madubin. Idon Kawu ne zai hau wurin nan yanzu, da hancinsa, da ƙirjinsa mai fuka. Na jiƙa auduga na goge na jefar. Na ɗauki wata na sake. Na ɗauki ta uku. Na tsiyaya alkol a inda hannunsa ya dafa, ina yamutsa fuska, ina tsaki. Ban ma lura yana nan tsaye yana kallona ba, shi da mutanen tasha duka.

A wurinmu moɗa ɗaya ake zagayawa da ita, akushi ɗaya ake sa hannu. Mutane sun haƙura da gugar da nake yi ne don kowa sau ɗaya nake yi masa, daga alhaji har mai tura baro. Sau uku kuwa wani abu ne dabam. Na san haka sarai, a garin aka haife ni.

Ya ce, "Mushe, kowa sau ɗaya ka goge masa. Ni me ya sa sau uku?"

"Tari kake yi."

"Warin albasa ne ya shiga mini ƙirji. Ni kuturu ne? A gidanmu kwanon da kare ya lasa ake yi wa haka."

Da na ce ya yi haƙuri, tsohon nan ba shi da lafiya, da shi ke nan. Mutumin da ya so ya ba Kawu wurinsa zai gane. Amma ina kallon wata yana gangarawa, raina ya riga ya ɓaci, sai na ji bakina ya ce, "Kare ai yana jin magana. Matsa ka ba mutane wuri."

Marin da ya yi mini sai da na ga wuta. Na faɗi a kan bokitin, ruwan sabulu ya malale, kunnena na ƙara, jini ya cika mini baki. Na tashi na kai masa naushi a ciki, kamar bango na daka. Ya shaƙe ni da hannu ɗaya ya ɗaga ni har ƙafafuna suka bar ƙasa, ya buga ni da ƙasa. Maƙwabtana biyu suka yi kansa, direbobi suka yi kansu, nan da nan fili ya rikice. Duwatsu na tashi, wani ya zaro bel yana tsula wa duk wanda ya samu, wani ya fasa kwalbar alkol a goshin tela. Aka tattake tokar gaba ɗaya. Ni ina ƙasa ana shurina a haƙarƙari, na ji wani abu ya ƙaras a ciki.

Na rarrafa na fita tsakanin ƙafafu. Madubin yana nan tsaye, ba wanda ya taɓa shi, har lokacin yana kallon yamma. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci. Ba su suka fasa ba. Da na ja Kawu a wannan lokacin na ɗora masa ido, da ya gani. Amma direban na hango ya juya mini baya yana riƙe da wuyan maƙwabcina, ni kuma ba abin da nake so a duniya sai in ga ya faɗi. Na fizge bututun daga ƙafafunsa, na ɗaga da hannu biyu, na sauke masa a gefen kai da duk ƙarfina. Gilashin gaba ya tarwatse. Na sake ɗagawa na sake saukewa, bututun ya lanƙwashe, tsinin gilashi ya tsarge mini hannu ban ji ba. Ya durƙusa, ya kife. Jini na fita ta kunnensa yana bin ƙasa.

Ganinsa a kwance ne ya tsayar da faɗan. Shugaban direbobi, wani dattijo, ya shiga tsakani yana salati, aka ciccibi mutumin aka ɗora a babur ɗin kabu-kabu, ɗaya na riƙe da shi ta baya, aka nufi asibiti. Sauran suka watse suna ɗingishi. Na tsaya da guntun bututu a hannu, ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai na tuna da Kawu. Yana nan inda na ajiye shi. Zagayensa kaɗai ne ba a taka ba. Takunkumi a fuska, hannuwa a baya, ga ɗigon jinin wani a gaban farar rigarsa. Ya ji takuna ya juyo.

"Ɗana, ka ce kada in fita sai ka kira ni. Layi ya zo kaina?"

Na duba yamma. Sai ja-ja kaɗan a saman itatuwa.

Na ce, "Wata ya faɗi, Kawu."

Na so ya zage ni, ko ya mare ni kamar yadda yake yi lokacin da nake yaro idan na tsinka masa komar kamun kifi. Sai ya ce, "Kai ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Shi ma mutumin da ya so ya ba ni wurinsa ya gan shi?"

"Ya gan shi."

"To shaida biyu ke nan. Gobe azumi." Ya miƙo hannu in ja shi gida. Na ja baya na ce ya dakata in nemi ruwa, hannuna duk jini ne. Ya lalubo ya kama shi haka nan, ya riƙe da ƙarfi a kan yankan. Ya ce, "Ka yi gugar da ta isa yau. Mu je."

Direban bai mutu ba, Allah ya rufa mini asiri. An yi masa ɗinki, kunnen hagu kuwa bai sake ji da shi ba. Dattawan unguwa suka kai ni gabansa a asibiti, na durƙusa na nemi gafara. Ya ce ya yafe saboda watan da muke ciki, amma bai dube ni ba, sai dai ya tambayi lafiyar Baba, wato Kawu.

Cutar da na yi duk wannan haukan dominta ba ta taɓa Kawu ba. Da hanya ta buɗe ya koma Tunuga. Na ci alwashin in sami wani madubin kafin azumi na gaba, na kuwa samu, na ɗaure shi a bayan babur na kai har ƙofar gidansa ranar ashirin da tara ga Sha'aban. Na tarar idon ya rufe gaba ɗaya, ko fitila ba ya gani. Ya shafa bututun daga sama har ƙasa, ya ce wannan ya fi wancan santsi. Sannan ya ce in kafa wa mutanen gari a bakin kogi, shi zai zauna a gida, idan an gani a aiko a faɗa masa.