Na kai wa baƙon iri gaisuwa a Gwaram

Asuba ta yi mana a bakin titin Wurno, ni da wata maƙwabciyata da za ta Sara sayen tunkiya. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubuta muku.

A rediyo na ji cewa gwamnati ta ware kuɗi don gwada sababbin iri biyu a wata gona bayan Gwaram. Ɗaya kanola, ana matse mai a jikinsa. Ɗayan kuma, aka ce, igiya ake yi da ɓawonsa kamar rama. Nan zuciyata ta tsaya. Marigayi mai gidana, Malam, igiyar rama ya tuƙa har ƙarfinsa ya ƙare. Tun da ya rasu, 'ya'yansa suka ba da hayar gonar ga masu riɗi suka tafi birni, irin ramarsa yana nan cikin ɗan tulu, ba ƙasar da zan zuba shi. In ya ƙara wata damina a tulun, ya mutu.

A wajenmu, in sabon iri ya shigo gari, tsofaffi sukan gauraya masa ɗan tsohon iri, ya nuna masa ƙasa. Baƙo ba ya kwana ba mai masauki. Sai na ƙulle irin a bakin zanena na fito.

Birnin Kudu ta cika da babura. Kuɗin mota ya hau har na tambayi direba ko Makka za mu. Na sayi ƙosai, man ya fi waken yawa. Maƙwabciyata ta sauka a hanya, daga nan ba wanda ya san sunana a motar. Ruwan fari ya sauka, gonaki sun yi laushi, ko'ina maza na shuka. Na yi ta duban duwatsu ina tuna yadda Malam ke zaune gefena yana gaya mini gonar wane ce wannan.

Daga Gwaram ɗan acaɓa ya kai ni. Gonar an kewaye ta da waya, kunya-kunya a miƙe kamar an ja da zare. Wata malama mai hular rana ta tare ni, ta ba ni ruwa. Ta nuna mini ƙwayar kanola a tafin hannunta, baƙa, ƙanana ƙwarai. Ɗayan kuwa ta ce ɗan'uwan wiwi ne, amma ba ya bugarwa, da izinin hukuma suke gwada shi. Na nemi tsari a zuciyata, na ce to, kowa da danginsa.

Da ta juya, na kwance bakin zane na durƙusa kan kunyar farko. Ta riƙe mini hannu.

"Inna, me za ki zuba?"

"Mai masauki na kawo masa, 'yar nan."

Na yi mata bayani. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in wani iri ya shiga ciki, gwajin ya lalace, masu ba da kuɗin kuma iri biyun nan kaɗai suka sani, ba rama a lissafinsu. Na ce ramar da ta ɗaure shanun garin nan tun kafin a haifi gwamnati?

Can sai ta ja ni waje, bayan waya, inda ruwan famfonsu ke malala. Ta ce nan ba na gwaji ba ne. Da hannuna na tona, na zuba, na rufe da dunduniya yadda Malam ke yi.

"In ta girma, wa zai zo ya yanke, Inna?"

"Kada a yanke. Ki bar ta ta yi 'ya'ya."

Na iso gida bayan la'asar. Ba wanda ya tambaye ni yaya hanya, sai kaji. Na wanke tulun na kife shi.

Abin da na gano a tafiyar nan, baƙo yana da gwamnati, yana da waya da famfo da mai gadi. Ramar Malam ni kaɗai gare ta, ni kuma gwiwata ba za ta sake kai ni Gwaram ba. Wanda hanya ta bi da shi can cikin kaka, ya leƙa bayan wayar ya gaya mini ko ta fito.